Wa ya rubuta wa waya ranar mutuwarta?

Magana ce da ta daɗe tana yawo a rumfunan caji da majalisun Ƙauran Namoda: wai kamfani yana saka wa kowace waya wa'adi, da zarar ta cika shekara biyu sai ta fara shan caji tana nauyi, don dole ka sayi sabuwa. Tun da naira ta faɗi a 2023 kuɗin waya ya yi tashin gwauron zabi, maganar ta ƙara samun masu saurare.

Ba a rasa ƙamshin gaskiya a ciki ba. A watan Disamba na 2017 kamfanin Apple ya amsa cewa yana rage saurin tsofaffin iPhone, kuma a 2020 Faransa ta ci shi tarar yuro miliyan 25 saboda bai gaya wa masu wayoyin ba. Sai dai ko a can, wayoyin da batirinsu ya gaji aka taɓa. Tecno ko Itel da ke aljihun mutumin Banga ba ta jiran umarni daga China kafin ta kwanta. Abin da zai kwantar da ita yana nan tare da mu.

Batirin waya kamar igiyar guga yake. Igiya ba ta lissafin watanni, yawan ja take ji, kuma wadda aka bari a rana ta fi saurin tsinkewa. Yawancin batiran nan, bayan cikakken caji kamar 500, abin da suke riƙewa yana komawa kashi 80 cikin ɗari na farko. Rabin caji da safe da rabi da dare, guda ɗaya ke nan. Wanda ke ƙarar da caji kullum zai kai wannan adadi cikin shekara ɗaya da 'yan watanni. Daga nan ne shekara biyun da ake ta faɗa ta samo asali.

Zafi kuwa shi ne babban ɓarawo. Apple da kansa ya yi gargaɗi cewa zafin da ya wuce digiri 35 yana rage ƙarfin batir har abada, mu kuma a watan Afrilu 40 muke wucewa. Leƙa rumfar mai caji ranar kasuwar Shinkafi: wayoyi jere a kan katako ƙarƙashin kwano, wata kan wata, kowace da lambarta a manne, janareto yana ta sama da ƙasa da wuta, cajojin kuma na arha. Ka ɗauki guda, sai ka ji kamar an sauke ta daga tanda. Mai ita zai karɓa ya hau kallon bidiyo nan take. In bayanta ya fara kumbura ya ɗaura mata kyauro ya ci gaba, alhali batirin da ya kumbura yana iya kamawa da wuta. Daga baya ya ce kamfani ne. Abin takaici, irin wannan waya sau da yawa lafiyarta ƙalau, sabon batir mai kyau kawai take nema.

Inda kamfani ke da hannu shi ne manhaja. In aka daina sabunta ta, WhatsApp da manhajar banki sukan juya wa wayar baya a hankali. Google da Samsung sun yi alƙawarin shekara bakwai ga manyan wayoyinsu, Tarayyar Turai kuma tun 20 ga Yuni 2025 ta wajabta batir mai jure caji 800 da kayan gyara na shekara bakwai. Mu nan ko jabun caja hukumar kula da ingancin kaya ta SON ba ta raba mu da ita ba.

Mota ma haka lissafinta yake, sai dai ita da tsufanta take zuwa. A Amurka matsakaicin shekarun motar da ke kan titi ya kai 12.6 a 2024. Wadda muke kira Beljiyam, ta Kwatano ta biyo ko ta Legas, ta riga ta gama rayuwa guda kafin ta ga Gusau, kuma lambar tafiyar da ke jikin mita ba abin rantsuwa ba ce, ana mayar da ita baya. Duk da haka Golf takan yi shekaru tana jigila tsakanin Ƙaura da Zurmi, kamar yadda Peugeot 504 ta Kaduna ta yi a zamaninta, muddin direba bai yi wasa da baƙin mai ba.

A nan ne ake yin sakacin. Tun cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, direba da yawa sai baƙin mai ya yi kauri yake juye shi, ya zuba na gefen titi wanda ba a san asalinsa ba. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, wani sai ya cire ta gaba ɗaya, yashi ya shiga yana cin zobban fistan. Fetur na galan yakan zo da datti, lagireto kuma ruwan rijiya ake ɗura masa har ya yi tsatsa. Ga hanyar da rashin tsaro ya sa ba mai son rage gudu don rami, ga lodi har saman but. Injin da aka yi wa haka, bakanike zai sauke shi tun bai yi rabin kwanansa ba, a aika Ƙofar Ruwa a Kano neman wani.