Shuka Kaɗanya a Daji: Wace Hanya ce Ta Fi Riba?

MINNA — Dakatar da fitar da ɗanyar ƙwarar kaɗanya zuwa ƙasashen waje da Gwamnatin Tarayya ta yi a watan Agustan 2025, domin a riƙa sarrafa ta a gida, ya sake ta da batun ƙara yawan itacen a Jihar Neja. Kusan duk kaɗanyar da mata ke tsintar 'ya'yanta daga Bida zuwa Kontagora ba wanda ya shuka ta.

Binne ƙwara kai tsaye a daji da damina ba ya cin kuɗi, amma dole ta zama sabuwar faɗowa, domin cikin 'yan makonni take daina tsirowa. Ga kuma kurege da gobarar daji. Rainonta cikin leda ya fi tsada, doguwar saiwarta kuwa ba ta jure dashe. Ko wacce aka bi, akan jira shekara 15 zuwa 20 kafin a ga 'ya'ya.

Abin da ya fi wa manomi shi ne ya kare tsiron da ya fito da kansa a gona, wanda ya riga ya kafa saiwa, sannan a yi masa aure da reshen uwa mai albarka, wanda ke rage shekarun jira, muddin gatarin masu gawayi ya ƙyale iyayen.