Tafiya a ƙasa da tsadar zama a birnin Yamai, idan an gwada shi da wasu birane

A cikin wannan maƙala za mu duba tambaya guda: shin Yamai birni ne da talaka zai iya zama cikinsa, ya biya buƙatunsa da ƙafa, ba tare da kuɗin mota ya cinye abin da yake samu ba? Wajibi ne tun farko mu bambanta abubuwa biyu da ake yawan haɗawa, wato yawan masu tafiya a ƙasa, da kuma dacewar gari da tafiya a ƙasa. Na farko ƙidaya ce ta mutane, na biyu kuwa siffa ce ta garin kansa.

Binciken da masana harkar sufuri na birnin Liyon suka gudanar gida-gida a Yamai a shekarar 1996 ya nuna cewa wajen kashi biyu cikin uku na zirga-zirgar mazauna birnin a ƙasa ake yinta. Irin wannan bincike a Wagadugu, a 1992, ya samu ƙasa da rabi, domin can keke da babur sun daɗe da shiga kusan kowane gida. Wanda ya tsaya kan waɗannan alƙaluma kawai zai ce Yamai ta fi Wagadugu daɗin tafiya a ƙasa. A ganinmu ba haka ba ne. Abin da suke nunawa shi ne mutumen Yamai ya fi rashin abin hawa.

Dalilin yana cikin yadda aka zana garin. Bayan da Turawan mulkin mallaka suka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, sun raba shi gida biyu: Filato, inda ofisoshi da gidajen Turawa suke, da garin baƙar fata, kwarin Gunti Yena yana tsakani. Wannan rabo bai gushe ba. Ma'aikatu da manyan kasuwanni sun taru a tsakiya, gidajen talakawa kuwa suna ta turuwa zuwa baki. Ƙidayar 1988 ta ba Yamai mutum kusan 400.000, ta 2012 ta ba ta sama da miliyan ɗaya, kuma wannan ƙaruwa a kwance ta tafi, gidaje marasa bene, fili bayan fili. Hukumomin gari sun mayar da yankan filaye hanyar samun kuɗin shiga, har gwamnati ta taɓa biyan ma'aikata bashin albashinsu da filaye. Sakamakon shi ne unguwanni irin su Kwara Tegi da Talaje da Yamai 2000, inda gida ke riga kwalta da famfo da asibiti isowa da shekaru.

Kogin Isa ya ƙara tsawon tafiya. Daga 1970 har zuwa 2011 gada ɗaya tak, ta Kennedy, ke haɗa Harobanda, inda jami'a take, da sauran gari. Ta uku sai a 2021 aka buɗe ta. Sai kuma abin da taswira ba ta nunawa: rairayi mai riƙe ƙafa, zafin watannin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, da gefen hanya da masu tireda da masu gyaran babur suka mamaye, har mai tafiya ya koma cikin motoci. Kilomita biyu a inuwar bedi da kilomita biyu a tsakar rana ba tafiya ɗaya ba ce, ko da yake a lissafin masu tsara birane daidai suke.

A nan ne batun tsada ya shigo, kuma a nan ne muke ganin an fi yin kuskure. Ana cewa haya ta fi araha a bakin gari, kuma gaskiya ne. Amma bari mu yi lissafi da farashin da aka daɗe ana biya, wato dala 40 (sefa 200) kujerar taksi. Ma'aikacin da sai ya hau taksi biyu kafin ya isa wurin aiki zai biya sefa 800 a yini, zuwa da dawowa. Cikin kwana 22 na aiki ya kashe jika 17 da sefa 600 ke nan. Mafi ƙarancin albashin da aka tsaida a 2012 bai wuce jika 30 da ƴan kai ba. Fiye da rabinsa ya tafi a hanya, tun ba a sayi tiyar hatsi ba. Don haka abin da ya rage a kuɗin haya ya biya shi ga mai taksi ko mai faba-faba, in kuwa ba shi da shi, ya biya da ƙafarsa da lokacinsa. Mata da ƴan makaranta su ne suka fi ɗaukar wannan nauyi, domin babur ɗaya na gida mai gida ne ke fita da shi.

Paris ta tsaya a ɗaya gefen. Mutum sama da miliyan biyu ne ke zaune cikin murabba'in kilomita 105, jirgin ƙarƙashin ƙasa yana aiki tun 1900, kuma mai burodi da makaranta da likita suna kusa da ƙofa. Daga can ne ra'ayin «birnin minti goma sha biyar» na Carlos Moreno ya bazu tun 2016. Sai dai kusancin kansa ya zama haja mai tsada: wanda bai iya biyan hayar tsakiya ba ya koma unguwannin bayan gari, ya yi ta bin jirgi. A biranen biyu talaka yana nesa da tsakiya. Bambancin shi ne na Paris yana da jirgin da zai kawo shi.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne unguwar Birni ta Damagaram. Lungunanta ƙanana ne, katangun ƙasa suna jefa inuwa, kuma fada da masallaci da masu sana'a duk suna cikin tafiyar ƴan mintoci. An gina ta ne lokacin da ƙafa da jaki su ne ma'auni. Amma sababbin unguwannin Damagaram da na Maraɗi tsarin Yamai suka ɗauka, faffaɗan hanyoyi miƙaƙƙu marasa itace, kuma a garuruwan biyu kabu-kabu ne ya cike giɓin da ƙafa ta kasa.