Asabar ɗaya a bakin teku: Badagry, Epe ko Tarkwa Bay?

Tun ranar 12 ga Disamba, 1991 fadar gwamnatin tarayya ta bar Legas ta koma Abuja, amma aikin gwamnati bai gama barin Legas ba. Hedikwatar Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa tana Marina, ta NIMASA ma tana cikin birnin, kuma ba a rasa taro ko kwas da ke kai ma'aikata da hadiman manya can. Sau da yawa aiki kan ƙare ranar Juma'a, jirgin komawa kuwa sai Lahadi. Asabar ɗin da ke tsakani ita ce damar da mutumin Arewa, wanda bai saba ganin ruwan da ya wuce kogi ko madatsa ba, yake samu ya tsaya gaban Tekun Atlantika.

Wanda ya san Legas a shekarun baya zai ce a tafi Bar Beach. Wannan bakin ruwa ya zama tarihi, domin an cike shi da yashi an kafa unguwar Eko Atlantic a kansa. Yau zaɓi ya koma wajen gari, kuma abin da ya kamata ya raba gardama shi ne hanya da lokacin dawowa. Hoton da ke yawo a waya ba ya nuna sa'o'in da za a kwashe cikin cunkoso.

Ta yamma akwai Badagry, kimanin kilomita 60 daga tsakiyar birni, dab da iyakar Seme da Jamhuriyar Benin. Ma'aikatan tarayya da yawa sun san sunan saboda kwalejin ASCON da ke Topo, wadda aka kafa a 1973 don horar da jami'an gudanarwa, sai dai wasunsu kan gama kwas ba su leƙa cikin garin ba. A nan ne benen da mishan suka kammala a 1845 yake, wanda ake kira bene na farko a Najeriya, da gidan tarihi a tsohon ofishin D.O. na 1863. Akwai kuma gidan Seriki Williams Abass mai ɗakuna 40 inda aka riƙa tsare bayi. Sarautar tasa ma daga kalmar Hausa ta "sarki" aka aro ta. Daga bakin garin ake shiga kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu, a taka a ƙasa har gaɓar da ake wa laƙabi da wurin da ba a dawowa. Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan labari: cikin waɗanda aka kwasa daga gaɓar wannan yanki zuwa Bahia ta Brazil akwai Hausawa, kuma su ne suka shirya yunƙurin tawaye na 1807 a can. A Badagry ɗin nan Hugh Clapperton ya sauka a ƙarshen 1825 ya nufi Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Matsalar tafiyar ita ce babban titin, mai yawan shingayen bincike saboda kusancin iyaka. Duk mai zuwa ya riƙe katin shaidarsa, ya fita bayan sallar Asuba, ya juyo kafin La'asar ta yi sanyi.

Ta gabas akwai Epe, wadda ta fi Badagry nisa. Ya kamata a sani tun farko cewa garin ba a bakin babban teku yake ba, a gefen tafkin da ke haɗe da shi yake, saboda haka ruwansa a kwance yake. Abin alfaharinsa kasuwar kifi ta Oluwo, inda mata ke sayar da kifi da jatan lande da kaguwa da aka fito da su daga ruwa. Garin ya karɓi Sarki Kosoko da jama'arsa bayan Turawan Ingila sun yi wa Legas ruwan wuta a 1851, kuma Musulunci ya yi jijiya a cikinsa, har bikin Kayokayo da suke yi yana zuwa ne a farkon shekarar Hijira. Masallaci da abincin halal ba abin nema da wahala ba ne. Mai son igiyar ruwa zai iya ratsewa Eleko a yankin Ibeju-Lekki. Sai dai tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Lekki da matatar man Dangote a 2023, tireloli da tankoki sun ƙaru a wannan hanya, kuma cunkoson Ajah kaɗai ya isa ya cinye safiyar mutum.

Na uku ba gari ba ne sosai, amma shi ya fi kusa. Tarkwa Bay tana bakin mashigar jiragen ruwa ta Legas, ba a isa gare ta sai ta ruwa, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba daga Victoria Island. Katangar duwatsun da aka gina don kare mashigar tana karya ƙarfin igiya, shi ya sa ruwan wurin ya fi sauran lafawa. Wanda ya sauka a otal a Ikoyi ko Victoria Island zai iya zuwa da hantsi ya dawo da Azahar. Sharaɗin shi ne kada ya shiga jirgi ba tare da rigar hana nutsewa ba, kuma kada ya bari duhu ya riske shi, domin hukumomi sun hana irin wannan zirga-zirga da dare.

Ko ina aka zaɓa, akwai gargaɗin da ya shafi kowa. Gaɓar Legas tana da wani jan ruwa da ke komawa ciki ta ƙarƙashin igiya, yana kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafa, ya ja mutum zuwa zurfi. Wanda ya iya iyo a Kogin Kaduna ko Binuwai kada ya ɗauka ya iya teku, ruwa ba sa'an kwando ba ne. Lokaci ma yana da tasiri: a Yuni da Yuli ruwan sama ya fi tsanani, teku ya fi tumbatsa, daga Nuwamba zuwa Maris kuwa sarari ya fi washewa.

Lissafin a taƙaice shi ne: mai yini cikakke da sha'awar tarihi ya nufi Badagry, mai son kasuwa da kifi, da gari mai natsuwa, ya nufi Epe, hadimin da maigidansa zai iya kira a kowane lokaci ya tsaya Tarkwa Bay. Haɗa biyu a rana ɗaya ganganci ne, domin Badagry da Epe suna gefe biyu na birnin, Legas gaba ɗayanta tana tsakaninsu. Wanda kuma jirginsa na daren Asabar ne, gara ya bar tekun sai wata tafiyar, don kuɗin sabon tikiti daga aljihunsa zai fito, kuma ranar Litinin da ƙarfe takwas ofis na jiransa.