Me Ya Sa Kwamfuta Ke Jan Ƙafa?

Zuciyar baligi takan buga sau 60 zuwa 100 a minti yayin hutu, ta ƙara sauri idan ya kama gudu. Haka ƙwaƙwalwar kwamfuta take: tana rage gudu domin tattalin wuta, ta ƙara idan aiki ya yi nauyi. A Linux, manhajar da Linus Torvalds ya soma a 1991 wadda kowa ke da ikon gyarawa, sashen cpufreq ke wannan hidima, bisa tsarin da ake kira gwamna.

Bara ina nazarin ƙwayoyin gadon sauro, sai kwamfutata ta cije a megahaz 800, alhali tana iya haura gigahaz 3. Aikin awa biyu ya nemi cinye yini, ga ɗalibai suna jira. Na buga umarnin cpupower frequency-info, na ga gwamnan powersave ke aiki, nan take na ɗora masa laifi. Ashe na yi gaggawa. A kwamfutocin da ke amfani da intel_pstate, wannan gwamna ba ya ɗaure ƙwaƙwalwa, yana barin ta ta tashi idan da bukata. Na sauya zuwa performance, ba abin da ya canza.

Umarnin sensors ne ya tona asiri: zafi ya doshi digiri 100. Ƙwaƙwalwar ce da kanta ke ja da baya don kada ta lalace, kuma a nan gwamna ba shi da ta cewa. Da na kwance murfin, sai ga ƙurar hunturu ta toshe fanka kamar auduga. Buroshi da minti goma suka raba gardama.