DUSAR ƘANƘARA A KAN RUFIN ƊAKI

A ƙasarmu, in damina ta yi nisa, mai gida ya kan hau kan soronsa ya duba. In ya ga ciyawa ta tsiro sai ya cire, in ya ga indararo ya toshe sai ya buɗe shi. Ya san in ruwa ya kwanta a kan soro, ƙasa za ta jiƙe ta yi nauyi, azara ta gaza, ɗaki ya rufta. To, mutanen ƙasashen sanyi su ma suna da irin wannan fargaba, amma su abin da ke ba su tsoro shi ne dusar ƙanƙara.

Wataƙila kun taɓa ganin ƙanƙara ta zubo tare da ruwan sama, ƙulu-ƙulu, mai tauri kamar tsakuwa. Dusar ƙanƙara dabam ta ke da wannan. In sanyi ya tsananta can sama, sai laimar da ke cikin gajimare ta daskare, ta zama 'yan ɓarɓashi farare fat, su riƙa saukowa a hankali kamar audugar rimi in iska ta kwaso ta. Ba ta ƙara a kan kwano, ba ta kuma gudu ta bi kwata kamar ruwa. Inda ta sauka nan ta ke kwanciya, wata ta zo ta hau kanta. A Kanada da Rasha da arewacin Turai da duwatsun Japan, ta kan yi wata da watanni ba ta narke ba.

In ka ɗebi sabuwar dusa a tafin hannunka, ba za ka ji nauyin kome ba, domin mafi yawanta iska ce. To, yaya abu mai sauƙi haka zai karya gini? Bari mu yi lissafi.

A ce an ƙera akwati, tsawonsa mita 1, faɗinsa mita 1, zurfinsa mita 1. In an cika shi da ruwa, nauyin ruwan kilo 1,000 ne. In an cika shi da sabuwar dusa, nauyinta kamar kilo 100 ne, watau buhun siminti biyu. Amma dusa ba ta zama yadda ta sauka. In ta kwana biyu sai ta sama ta danne ta ƙasa, iskar cikinta ta fice, ta ƙulle. In rana ta ɗan fito sai ta fara narkewa, da dare kuma ta sake daskarewa. Mafi muni, in ruwan sama ya sauka a kanta sai ta tsotse shi kamar soso. Irin wannan jiƙaƙƙiyar dusa, cikin akwatin nan namu, ta kan kai kilo 400, har ma ta wuce. In kuwa ta zama ƙanƙara sosai, to, ta haura kilo 900.

Yanzu ku dubi ɗakin karatu mai tsawon mita 10 da faɗin mita 6. A ce dusa ta kwanta a kan rufinsa, zurfinta rabin mita. Wannan cikin akwati 30 ke nan. In sabuwa ce, nauyinta kilo 3,000, daidai da buhun siminti 60. In ta sha ruwa ta zama jiƙaƙƙiya da wannan zurfi, nauyinta kilo 12,000, watau buhun siminti 240. Ku tuna fa, wanda ya tsaya a ƙasa ya ɗaga kai, fari ɗaya zai gani, ba zai iya bambanta mai sauƙi da mai nauyi ba.

Iska ma tana ƙara ɓarna. Ta kan kwashe dusa daga wannan gefe na rufi ta tara a wancan. Ko wane yaro ya san abin da ke faruwa da jaki in an cika masa mangala gefe ɗaya, an bar ɗayan wayam. Haka rufi ya ke, nauyin da ya taru wuri guda ya fi karya shi da sauri.

Ga abin da ya faru a Washinton, babban birnin Amurka, cikin watan Janairu na 1922. Dusa ta kwana ta wuni tana sauka, har zurfinta ya kai inci 28, watau wajen santimita 70. Ran Asabar, 28 ga wata, da dare, mutane suka ratso ta da ƙafa suka tafi kallo wani babban gidan silima mai suna Knickerbocker. Rufin gidan shimfiɗaɗɗe ne, babu inda dusa za ta zame ta faɗi. Bayan ƙarfe tara da kaɗan, jama'a na cikin kallon wasan ban dariya, sai rufin ya rufto musu gaba ɗaya. Mutum 98 suka mutu, 133 suka ji rauni. Da masu bincike suka duba, sai suka tarar ƙarafan da ke ɗauke da rufin ba su zauna a kan bango yadda ya kamata ba. Daga nan hukuma ta tsananta dokokin gini a birnin.

Irin wannan ya sake aukuwa a Jamus, a wani gari mai suna Bad Reichenhall, ran 2 ga Janairu, 2006. Akwai wani babban zaure inda a ke wasan zamiya a kan ƙanƙara. Lokacin hutun makaranta ne, saboda haka yara sun zo wasa. Saura 'yan mintoci a tashi sai rufin ya faɗo. Mutum 15 suka rasa rayukansu, 12 daga cikinsu yara ne da samari. Abin mamaki, dusar da ke kan rufin ba ta wuce abin da aka yi shi don ya ɗauka ba. Ashe manyan katakan rufin da gam aka haɗa su, laima kuwa ta yi shekaru tana cin gam ɗin ba wanda ya kula. Kamar azarar da gara ta cinye ta ciki ke nan, a waje ka gan ta lafiya lau.

Kun ga dai a duk wuraren nan biyu abu biyu suka haɗu, nauyi daga sama da rauni a jikin gini. Don haka maganin ma kashi biyu ne.

Na farko aikin magini ne. A ƙasashen sanyi akwai doka mai faɗin nauyin dusar da ko wane rufi zai iya ɗauka, kuma garin da ke kan tudu, inda ta fi sauka, an fi tsananta masa. Sa'an nan sau da yawa su kan yi rufi mai gangara ƙwarai don dusa ta zame da kanta. A ƙauyen Shirakawa, cikin duwatsun Japan, akwai manyan gidaje masu rufin ciyawa, gefe biyu sun haɗu can sama da tsini, kamar mutum ya haɗa tafin hannuwansa. Itatuwan rufin da igiya aka ɗaure su, babu ƙusa, don haka in nauyi ya danne su sai su ɗan motsa, ba su karyewa. Waɗansu daga cikin gidajen sun fi shekara 200 a tsaye. In ciyawar ta tsufa, mutanen ƙauye su kan taru su sake ta, kamar yadda mu ke yin gayya. A 1995 aka sa ƙauyen cikin wuraren tarihi na duniya waɗanda a ke kiyayewa.

Na biyu aikin mai gida ne. Shi ke duba rufinsa kafin hunturu, ya gyara inda ya ruɓe. In dusa ta taru, sai ya ɗauki wani abu mai kama da fartanya, mai doguwar ƙota, ya tsaya a ƙasa ya riƙa jawo ta. In ta yi yawa sai an hau da shebur. Wannan aiki kuwa da hatsari, domin rufi na da santsi. A Japan ko wace shekara mutane su kan faɗo su mutu wajen yinsa, galibi tsofaffi. Shi ya sa hukuma ke gargaɗi kada mutum ya hau shi kaɗai, kuma ya ɗaura igiya a ƙugunsa.

Rufi ba safai ya kan faɗi ba sai ya ba da alama. Ƙofa ta kan ƙi buɗuwa ko rufuwa, bango ya tsage, rufi ya yi ciki, a riƙa jin katako na ƙara. Wanda ya ga haka kada ya tsaya kwashe kaya, ya fitar da mutane tukuna. Wannan gargaɗi ya shafe mu mu ma, domin soron da ya sha ruwan Agusta irin alamun nan ya ke nunawa. In kun gan su a gida ko a makaranta, ku fita, ku gaya wa babba nan da nan.

Ɓarɓashin dusa guda ɗaya bai kai nauyin gashin kaza ba, amma ga shi in ya taru yana karya ƙarfe. Gaskiyar masu iya magana da suka ce, da yayyafi kogi kan cika.

TAMBAYOYI

1. Mene ne bambancin ƙanƙara da dusar ƙanƙara?
2. Faɗi abubuwa uku da ke ƙara wa dusa nauyi bayan ta sauka.
3. Me ya raunana rufin zauren wasa na Jamus?
4. Don me mutanen Shirakawa su ke yin rufi mai tsini?
5. Rufi mai tsawon mita 8 da faɗin mita 5, jiƙaƙƙiyar dusa ta kwanta a kansa zurfin rabin mita. Buhun siminti nawa ne nauyinta?