Manhajar da ke Cikin Wayarka, da Gwajin da ke Gadinta

Duk wayar da aka saya a kasuwar Farm Centre da ke Tarauni tana tafe da aikin mutanen da mai wayar bai taɓa jin sunansu ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne Daniel Stenberg, ɗan ƙasar Suwidin. A 1996 ya ɗauki wata 'yar manhaja da wani ɗan Brazil ya rubuta, don ta riƙa ɗauko masa farashin canjin kuɗi daga intanet. A 1998 ya raɗa mata suna curl, a 2000 kuma ya fitar da libcurl, wato laburaren da sauran manhajoji ke jingina da shi idan za su aika saƙo ko su karɓo ta intanet. Yau tana cikin wayoyi da motoci da talabijin da Windows, a na'urori biliyoyi.

Kyauta ake ba da ita, kuma rubutunta a buɗe yake a GitHub. Matashin da ke zaune a Unguwar Gano da tsohuwar laftof zai iya sauke ta, ya karanta, ya ga kuskure, ya aika gyara. Mutane fiye da dubu uku ne sunansu ke cikin jerin waɗanda aikin ya yi wa godiya.

To, ta yaya za a yarda da gyaran baƙon da ba a san ko daga ina yake ba? Nan ne gwaji ya shigo.

Mai gyaran waya a Gyadi-Gyadi yakan ɗora mita a kan ƙafar caji, sannan a kan batir, ɗaya bayan ɗaya, har ya gano inda wuta ta tsaya. Haka gwajin ɓangare-ɓangare yake. Ana ware ɗan yanki guda na manhajar, misali wanda ke karanta adireshin shafi, a ba shi abin da aka riga aka san amsarsa. In amsar ta yi daidai, ya ci. In ta saɓa, sai alamar ja ta bayyana. Gwanin gwaji kuwa mugunta yake yi wa manhajar da gangan: ya ba ta adireshi marar komai, ko mai tsawon da ya wuce hankali, ko saƙon da ya yanke a tsakiya, ya ga ko za ta rikice.

A curl akwai irin waɗannan gwaje-gwaje fiye da dubu, kowanne da lambarsa. Umarni ɗaya, make test, ke tayar da su duka. Abin da zai faranta ran mai lissafin data shi ne, gwajin yana kunna ƙananan sabobi na bogi a cikin kwamfutar kanta, manhajar ta yi ta magana da su. Da zarar an sauke kayan, ko sabis ya ɗauke aikin na tafiya. Wutar NEPA dai, sai a yi haƙuri.

Bayan gwajin gida, mai gyaran manhajar yana aika buƙatar a haɗa nasa da babban aikin. Nan take wasu na'urori ke sake gwada shi a kan Linux da Windows da macOS. Sai kuma masu kula da aikin su bi shi layi-layi, wani lokaci su mayar da shi sau da yawa. Tambayar da aka fi yi wa sabon shiga ita ce: ina gwajin da ke nuna cewa matsalar ta kau?

Wanda yake ganin wannan tsanani ne, ya tuna Heartbleed. A ranar ƙarshe ta 2011 aka shigar da wani ƙari cikin OpenSSL, laburaren da ke rufa asirin bayanai tsakanin mai lilo da shafi. Wanda ya rubuta shi ya manta bai sa a tantance tsawon saƙon da aka turo ba, wanda ya duba ma abin ya wuce shi. Sakamakon haka, ɓarawo na iya cewa ya aiko da dogon saƙo alhali gajere ne, sabar kuwa ta cike giɓin da abin da ke ƙwaƙwalwarta, har kilobayit 64 a kowane karo, ciki har da lambobin sirri. Sai a Afrilun 2014 aka fallasa lamarin, lokacin sabobi kusan rabin miliyan na cikin haɗari. A Kanada an sace lambobin shaidar mutum 900 daga hukumar haraji. Gwaji guda mai tura tsawon ƙarya da ya isa ya kama shi.

Kano ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Ƙungiyar eHealth Africa, wadda aka kafa a 2009 kuma take da babban ofishi a birnin, ta saki manhajarta ta musayar bayanai, Aether, a buɗe. A wajen Kano kuwa, ƙungiyar Open Source Community Africa, da Samson Goddy da Ada Nduka Oyom suka kafa a 2018, ta yi babban taronta na farko a Legas a 2020. Sai dai da yawa daga masu koyo sun fi ɗokin ƙirƙiro sabuwar manhaja a kan rubuta gwaji, suna ganin aikin yara ne. Sun yi kuskure. Wanda kullum sabis ke yanke masa a tsakiyar tura kuɗi ta POS ya san halin da injiniyan Stockholm ba safai yake gani ba, kuma zai iya mayar da wannan sanin gwaji.

Akwai abin kiyayewa. A Oktoban 2020 masu neman rigar kyauta ta Hacktoberfest sun cika ayyuka da gyare-gyaren banza, har dole aka sauya dokar shirin. Shi ma Stenberg tun 2024 yake kokawa da rahotannin ƙarya da ake sa ƙirƙirarriyar basira ta rubuta, waɗanda ke cinye lokacin 'yan sa-kai. Don haka masu kula da aiki suka fi sakin fuska ga wanda ya karanta ƙa'idojin ba da gudummawa, ya kunna gwajin a kwamfutarsa, sannan ya turo ƙaramin gyara tare da gwajinsa.