Kamar waya mai sim biyu: yadda jikin mace ke rufe X ɗaya

A Kantin Kwari, inda ciniki ya dogara da launin atamfa da shadda, akan samu yaron shago a ce ya miƙo kore, ya ɗauko ja. Ba lallai sakaci ba ne. Akwai masu idon da ba ya rarrabe launukan biyu, kuma maza ne suka fi yawa a cikinsu, nesa ba kusa ba.

Dalilin yana cikin kuromosom X, ɗaya daga cikin ƙunshin DNA 46 da ke cikin ƙwayar jikin mutum. A kansa ƙwayoyin gadon ganin ja da kore suke. Namiji X ɗaya gare shi, tare da Y. Idan nasa ya zo da tangarɗa, shi ke nan. Mace tana da biyu, na uwa da na uba.

Sai dai ba duka biyun ke aiki ba. Kamar waya mai sim biyu ce da aka kashe ɗaya a saiti: yana ciki, amma ba ya karɓar kira. Tun ɗan tayi yana ƙarami, kowace ƙwaya takan rufe X ɗaya, wata na uwa, wata na uba, ba tsari. Mary Lyon, masaniya 'yar Ingila, ita ta bayyana haka a 1961 daga bincikenta kan ɓeraye.

Rufewa daban, kullewa daban. Wani ƙaramin sinadari mai suna metil yakan manne a kan harafin C na DNA, a daidai mafarin ƙwayoyin gado, ya hana a karanta su. Rubutun bai canja ba, kwaɗo kawai aka sa. Idan ƙwayar ta rabu biyu, sai a kwafe kwaɗon tare da ita, shi ya sa zaɓin farko yake ɗorewa. Kullen ma bai cika ba: kusan kashi 15 cikin 100 na ƙwayoyin gadon sukan ci gaba da aiki.

Don haka idon mace mai ɗauke da matsalar gauraye yake, kuma lafiyayyun ƙwayoyin sukan wadatar. Tana gani daidai, amma kowane ɗa namiji da ta haifa, rabi da rabi ne ya gada. Uba kuwa ba ya ba ɗansa, don Y yake ba shi.

Ba a warkar da matsalar, amma wayoyin Android da iPhone suna da saitin gyaran launi da ke sauƙaƙa bambance ja da kore a fuskar waya, abin da zai amfani mai tura hoton kaya ta WhatsApp.